Wahayi a Idon Baba na Dama

Ina cikin koya wa wata mata ribas Baba ya kira ni. Sana'ata ke nan, koyar da tuƙi, kuma ba na ɗaukar waya idan ɗalibi na riƙe da sitiyari, balle wannan baiwar Allah da ta riga ta murƙushe wa wani mai shago bokitin shara. Amma Baba ba ya kira da rana. Na taka birkin da ke ɓangarena, mota ta tsaya cak, na ɗauka.

"Birki," in ji shi. Sunan da ake kirana da shi ke nan a gida tun kafin in fara wannan aikin, wai don ba mai gama magana a gabana ban tsayar da shi ba. "Birki, na gani."

"Me ka gani, Baba?"

"Ƙafafun. Ɗaya a cikin ɗaya, da idanun duka."

Ba sai ya ƙara min bayani ba. Baba ya yi rayuwarsa yana koyar da Littafi Mai Tsarki a cocinmu, har ya tsufa aka ba wani matashi ajin. A cikin Littafin duka akwai wuri ɗaya da ya hana shi sakat, wato wahayin annabin nan da aka kwashe mutanensa bauta zuwa wata ƙasa, yana bakin kogi sama ta buɗe masa. Ya ga guguwa da wuta da walƙiya, da talikai huɗu, kowanne da fuskar mutum da ta zaki da ta bijimi da ta gaggafa. A gefensu akwai ƙafafu irin na karusa, wata a cikin wata, cike da idanu, suna tafiya duk inda suka nufa ba tare da sun juya ba. A can sama kuma akwai kursiyi. Mun ji wannan da safe, mun ji da yamma, mun ji a kan abinci. Marigayiya Mama takan ce da Baba ya kula da tayar kekensa rabin yadda yake kula da tayar annabi, da ba mu riƙa zuwa sujada a ƙasa ba.

Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, tun wani hatsari da ya yi yana saurayi. Duk karatun da ya yi a duniya da na dama ya yi shi.

"Yaya suke, Baba?" na tambaye shi.

"Walƙiya ce ta fara, daga gefe, ba ƙara. Sai zobe ya fito da wani a cikinsa, ga ɗige-ɗige baƙaƙe birjik. Inda na kai idona nan suke bi, Birki. Ba sa juyawa."

Muryarsa rawa take yi don murna. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Ban san komai game da ido ba, amma na san bai kamata tsoho mai ido ɗaya ya ga walƙiya a falo da hantsi ba. Na ba ɗalibata haƙuri, na sauke ta a bakin titi, na juya mota.

Na same shi a kujerarsa ta bakin taga, yana bin iska da kallo. Na san idan na ambaci ciwo ba zai motsa ba, don haka na ce mu je a auna masa tabarau ya gan su da kyau. Ya yarda nan take. Ya ce da ma yana son ya ƙirga idanun, sun ƙi tsayawa wuri ɗaya.

A asibitin ido aka ɗiga masa magani, muka zauna a benci har baƙin idonsa ya buɗe. Likitar mace ce, ba ta fi ni shekaru ba, mai magana a hankali. Ta kashe wutar ɗakin, ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska. Ta ce ya kalli sama, ya kalli dama, ya sake kallon sama. Ta daɗe a saman nan. Da ta kunna wuta ba ni ta kalla ba, shi ta kalla.

"Baba, a can bayan ido akwai wata siririyar fata, ita ke ɗaukar hoton duk abin da muke gani. Taka ta yage, ruwa ya shiga ta bayanta, tana ɓallewa kamar fentin bangon da damshi ya kama. Walƙiyar da ka gani jan da ake mata ne. Zoben da ɗige-ɗigen kuwa jini ne da gudaji suke yawo a cikin ruwan idon." Ta ɗan dakata. "Kana ganin wata inuwa?"

Baba ya kau da kai.

"Baba," na ce.

"Kaɗan. Daga ƙasa."

"Ita nake tsoro," in ji likitar. "Hawa take yi. Yanzu ba ta kai tsakiya ba. Idan ta kai, ko na yi aikin ba zan iya yi maka alkawarin karatu ba, ko gane fuskar mutum. Akwai ɗakin tiyata yau da yamma. Daga yanzu kada ka ci komai, kada ka sha komai, in ba haka ba sai an ɗaga aikin."

Na tambaye ta bayan aikin fa. Ta ce za su sa kumfar iska a cikin idon ta danne fatar har ta manne. Iska sama take tasowa, don haka dole ya kwanta rub da ciki, fuska a ƙasa, na tsawon kwanaki, har sai ita ta ce ya tashi.

"Zoben fa?" in ji Baba.

"Za mu wanke shi ya fita tas."

Baba ya laluba ya ɗauki hularsa daga kan cinya, ya saka. Ya yi wa likitar godiya mai kyau, ya yi mata addu'a ita da iyayenta, sannan ya miƙe ya fice. Ta bi shi da kallo, ta juyo gare ni ta ce za ta riƙe masa gurbin har yamma, bayan nan ba a hannunta yake ba.

A mota na bari sai da muka hau titi kafin in buɗe baki, kuma wannan ƙoƙari ne babba a wurina.

"Baba, ka ji abin da ta ce."

"Na ji. Yarinya ce mai ladabi."

"Makancewa za ka yi."

"Tun ina saurayi nake roƙon Ubangiji ya nuna min ko gefen abin nan ne. Yau ya nuna min, ke kuma kina so a sa ruwa a wanke." Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. "Sannan a kife ni a gado kamar kwanon da aka gama wankewa. Kalli hanyarki, danja ta tsayar da ke."

Na taka birki da ƙarfi har ya dafa gaban mota. Da aka ba mu hannu na wuce da mu gida.

Tun daga ƙofa na san an gama da ni. Takalma ne jere har kan matattakala. Ashe da safe Baba ya kira Yaya kafin ya kira ni. Yaya shi ne babbanmu, shi ke jagorantar mawaƙa a coci, kuma mutum ne da labari mai daɗi ba ya kwana a bakinsa. Ya gaya wa mawaƙa, mawaƙa suka gaya wa duniya. Muna shiga falo aka miƙe tsaye, wata ta fara waƙa, aka riƙo hannun Baba aka zaunar da shi a kujerarsa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba: rabon da in ga Baba haka tun ranar da aka karɓe ajinsa. Ya gyara zama, kafaɗunsa suka miƙe, muryar malanta ta dawo. Kowa kuma ya zo da tasa fassarar a aljihu. Wani bakanike ya ce shi fa ya daɗe yana zargin jirgin sama annabin ya gani, bai dai san sunansa ba ne. Wata malamar makaranta ta ce fuskokin huɗu mulkoki huɗu ne, kuma muna cikin na ƙarshe. Wani dattijo ya ce idanun nan gargaɗi ne ga masu raɗa a lokacin wa'azi, yana faɗa yana hararar mawaƙa. Wata tsohuwa ta matso ta tambayi Baba ko ya hango mijinta a wurin. Baba ya amsa wa kowa da haƙuri. Ya ce wa bakaniken jirgi ba ya da numfashi, ƙafafun nan kuwa da rai a cikinsu. Ya ce wa tsohuwar bai ga kowa ba tukuna, amma ta kwantar da hankalinta.

Ni ba maganarsa nake saurare ba, kansa nake kallo. Duk wanda ya durƙusa a gabansa, sai Baba ya sunkuyar da kai sosai kafin ya gane ko wane ne. Da safe ba haka yake yi ba.

Na ja hannun Yaya zuwa kicin, na tura ƙofa da ƙafa.

"Ka san abin da likita ta ce?"

"Baba ya raɗa min. Birki, sassauta murya."

"Ba zan sassauta ba. Ka tara masa gari a kai, ido ɗaya gare shi, shi ma yana tafiya."

"Ke kin tabbata ciwo ne kawai?" Yaya ya jingina da firji, ya harɗe hannu. "Allah ba zai iya nuna wa bawansa abu ta hanyar ciwo ba?"

"Zai iya. Idan ya makance kai za ka riƙa kai shi banɗaki, ko mawaƙa?"

"Wannan bakin naki!" Ya runtse ido, ya buɗe. "Kin kalli fuskarsa kuwa? Tun rasuwar Mama yake zaune a kujerar nan, ba mai tambayarsa komai sai ko ya sha magani. Yau ya tashi. Ni ba cewa na yi kada a yi aikin ba. A bar shi ya kai Lahadi, ya tsaya a gaban jama'a ya ba da shaida, ranar Litinin ni da kaina zan kai shi."

"Inuwar ba ta san Lahadi ba, Yaya."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san ba mugunta ba ce. Yaya na ƙaunar Baba kamar yadda nake ƙaunarsa, ya dai fi ni iya nunawa. Ina neman abin da zan ƙara faɗa sai na lura butar shayi ba ta kan murhu, tiren ma babu. Matar Yaya ta riga ta fita da su.

Na fito da gudu. Ta tsiyaya masa shayi da madara, ta ajiye a kan ɗan teburin da ke gabansa, ga biskit a faranti. Baba ya miƙa hannu yana magana, hannun ya wuce kofin ya dafa katako. Ya laluba, ya same shi, ya ɗago. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun mutane ba. Na fizge kofin daga hannunsa, shayin ya zube a rigata da kan tabarma.

Duk falon aka juyo ana kallona.

"Birki!" Baba bai taɓa kiran sunana haka a gaban baƙi ba. "A gidana? A gaban mutane?"

"Likita ta ce kada ka sha komai."

"Na ce miki zan koma wurinta ne?"

Hannuna na zafi, idona na zafi, amma ban ajiye kofin ba. Na ji wata ta ce yaran yanzu sai addu'a. Malamar makarantar nan ce ta nemi ta gyara zama. Ta ɗauko Littafin Baba daga kan kabad, ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce Malam ya karanta musu wurin da bakinsa, kowa ya ji albarka.

Baba ya karɓa. Littafin da kansa ya buɗe a wurin, don shafukan sun yi laushi da yawan taɓawa. Ya gyara tabarau, ya fara. Layukan farko sun tafi lafiya, amma waɗannan ko a barci zai iya kawo su. Sai ya ɗaga Littafin sama kaɗan. Ya karkata kai. Ya tsallake layi, ya dawo, ya sake tsallakewa. Yatsansa na yawo a kan takarda.

"A buɗe labulen nan," in ji shi. "Haske ya yi ƙasa."

Ba wanda ya motsa. Labulen a buɗe yake tun safe, rana na dukan shafin da ke hannunsa.

Na kalli Yaya, yana tsaye a ƙofar kicin. Na ga lokacin da abin ya shige shi, don hannayen da ya harɗe sun sauka da kansu. Baba ma ya ji shirun. Ya ɗan jima riƙe da Littafin, sannan ya miƙo shi ɓangaren da nake.

"Karanta musu, tunda ƙarfi ya yi miki yawa."

Na ajiye kofin na karɓa. Na fara karantawa. Na wuce talikan, na wuce ƙafafun da idanunsu, inda Baba ya saba tsayawa ya yi ta bayani har abinci ya huce. Ni ban tsaya ba. Na kai kan kursiyin, da wanda ke zaune a kai, da hasken da ya kewaye shi irin na bakan gizo. Na karanta yadda annabin ya faɗi da fuskarsa a ƙasa da ya ga haka, da yadda wata murya ta ce masa ya miƙe tsaye za a yi magana da shi. A nan na rufe.

Yaya ne ya yi magana. Ya ce jama'a an gode, Allah ya saka, Baba na bukatar hutu. Ya riƙa kama hannun mutane ɗaya bayan ɗaya yana raka su ƙofa, har da tsohuwar da ke son ta ƙara tambaya a kan mijinta. Ya fita da matarsa, ya ja mana ƙofa.

Na durƙusa a gaban kujerar. Rigata na manne da jikina saboda shayin.

"Baba, ka yi haƙuri da kofin."

"Ba ki yi nadama ba, kada ki ɓata bakinki."

"Ina inuwar ta kai?"

Ya dube ni sosai. "Ina ganin goshinki da idanunki da hancinki. Bakin ya tafi." Ya ɗan murmusa. "Da ma shi ne ya dame ni."

Na so in yi dariya, kuka ne ya zo. Na haɗiye shi, don idan na fara ba za mu fita daga ɗakin nan ba.

"Me kake tsoro, Baba? Ba zoben ba ne kaɗai."

Ya juya fuska wajen ƙofa. A waje ina jin Yaya na sallamar na ƙarshe, ana neman takalmin wani.

"Ranar da aka shiga da mahaifiyarku tiyata," in ji shi, "a kan gadon nan mai taya aka tura ta. Tana min magana, wai in tuna in kashe gas. Na kasa kallon fuskarta, sai na kalli tayoyin. Ƙanana ne, suna bin duk inda aka tura su. Na bi su da ido har ƙofa ta rufe." Ya shafa gwiwarsa. "Ba su dawo min da ita ba."

Na san ranar, ina wurin. Amma ban san inda yake kallo ba.

"Baba, kana tuna tambayar da kake yi wa yara a aji? Kakan ce, me kursiyi zai yi da ƙafafu, alhali kujerar sarauta a wuri ɗaya take zama?"

"Birki."

"Sai mu amsa gaba ɗaya: don mutanen Ubangiji suna ƙasar da ba su so, suna tsammanin sun baro shi a Haikali, ɗakin ibadarsu na gida, shi kuwa ya biyo su. Kai ka koya mana. Ranar Mama bai tsaya a bakin ƙofar ba, ya shiga da ita."

"Kada ki yi min wa'azi da wa'azina."

"To da na wa zan yi? Shi kaɗai na sani."

Ya cire tabarau, ya riƙe a hannu. Ba tabarau fuskarsa ta tsufa ƙwarai.

"Ban sani ba ko shi ne," ya ce a hankali. "Na so ya zama shi ne. Duk rayuwata ina fassara abin da wani ya gani. Yau na ga wani abu da idona, ko jini ne ko mene ne. Idan suka wanke shi, shi ke nan, ba zan taɓa sani ba."

Agogon bango na gabana, na ƙi kallonsa. Abin da ya fito daga bakina ba mai laushi ba ne, amma shi ya zo.

"Ni dai abin da na karanta yanzu, da annabin ya gani bai zauna a kujera yana karɓar baƙi ba."

Na ɗauka zai kore ni. Leɓensa ya motsa, ya tsaya. Ya juya fuska wajen taga, idonsa na bin abin da shi kaɗai ke gani, hagu, dama, hagu.

"Bai zauna ba," ya ce. "Faɗuwa ya yi." Ya juyo gare ni. "Ta yaya yarinyar nan ta ce zan kwanta?"

"Rub da ciki. Fuska a ƙasa."

"Har yaushe?"

"Har sai ta ce ka tashi."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa ta hanci. Ya mayar da tabarau, ya ƙara kallon tagar na ɗan lokaci, ni kuma na bar shi ya kalla.

"Miƙo min hulata," in ji shi.

Hular na kansa. Ban gaya masa ba, na dai taɓa ta na gyara mata zama, na ɗaga shi.

Lokacin tashi daga aiki ne, titi ya cushe. Yaya na baya, ya zuro hannu ta tsakanin kujeru yana riƙe da kafaɗar Baba, yana addu'a ƙasa-ƙasa. Ni da nake hana ɗalibai danna oda, ranar na danna ta har yatsana ya yi ciwo. A shataletale wata babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya, muka tsaya, mai ba da hannu na ta busa usur ba abin da ya motsa. Baba ya juyo ya kalle ni.

"Hancin ma ya fara tafiya," ya ce.

Na sa ribas, na kutsa ta wani lungu da nake kai ɗalibai koyon kwana, na bi ta bayan kasuwa, madubina ya gogi rumfar wani, na ɗaga masa hannu ban tsaya ba. Muka iso likitar na tsaye a bakin ofishinta da kayan tiyata a jiki. Abu ɗaya ta tambaya, ko ya ci wani abu. Na nuna mata rigata.

Aka kawo gadon mai taya. Baba ya tsaya a gabansa, na ji hannunsa ya yi sanyi a cikin nawa. Ya hau da kansa, ya kwanta. Nas ta tura shi gaba, ta zo daidai lif, na'urar hawa bene, ta tura shi gefe, gadon ya bi.

"Kin gani?" in ji Baba. "Bai juya ba."

"Na gani. Ni ka kalla, Baba, bar tayoyin."

Ya kalle ni har ƙofa ta rufe.

Da likitar ta fito ta ce aikin ya yi, fatar ta koma wurinta, amma inuwar ta riga ta taɓa gefen tsakiya. Ba za ta iya cewa me zai dawo ba sai iskar ta ragu. Yaya ya zauna a benci ya rufe fuska da tafin hannu, yana cewa shi ya ɓata lokaci. Na zauna kusa da shi, kuma sau ɗaya a rayuwata ban ce komai ba.

Kwanakin nan sun yi tsawo. Muka naɗe tawul muka yi masa matashin goshi, da rata a tsakiya don ya yi numfashi. Wuyansa ya sage, bayansa ya riƙe, abinci sai an ajiye a ƙasa ya ci a sunkuye. Baƙi suka zo ranar farko da ta biyu, suka ga ba abin kallo sai ƙeya, suka ɗauke ƙafa. Yaya kullum yana zuwa ya karanta masa. Ni na soke darussana, nakan kwanta a tabarma kusa da gadon mu yi hira, ko mu yi faɗa idan na kama shi yana ƙoƙarin juyawa. Idan na tambaye shi me yake gani, sai ya ce ruwa kawai, haske na motsi a ciki. Bai ƙara ambatar ƙafafun ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar komawa asibiti a sunkuye ya shiga mota, a sunkuye ya zauna a benci. Likitar ta ɗiga masa magani, ta duba, ta daɗe kamar wancan karon. Ta ture na'urar gefe, ta kunna wuta. Ta ce fatar ta manne. Ƙananan haruffa wataƙila ba za su dawo ba, manya dai za a gwada nan gaba.

"Baba, tashi," in ji ta. "Ɗago kanka."

Ya ɗago a hankali, wuyansa na ƙara. Ya ƙifta ido, ya ƙifta. Ya ce akwai zobe ɗaya baƙi a can ƙasa yana rawa. Likitar ta ce sauran iskar ce, ita ma za ta tafi.

"Na ciki fa?" na tambaye shi. "Da idanun?"

"Babu," ya ce. "Sun tafi duka."

Ya faɗe shi ba murya, na ji zafinsa har cikin ƙirjina. Ni na raba shi da su, kuma da za a maimaita zan sake. Na zagayo na durƙusa a gabansa kamar ranar nan.

"To me kake gani, Baba?"

Ya dube ni. Idon ja ne, yana hawaye, yana yawo a kan fuskata daga sama zuwa ƙasa. Ya ɗago hannu, bai laluba ba, ya ɗora yatsa daidai kan haɓata.

"Fuska ɗaya ce tal," in ji shi, "kuma a murtuke take, irin ta mahaifiyarta. Har bakin ya dawo, Allah ya taimake ni."